Wa Ya Buɗe Rajistar Marayu?

Ranar Litinin da safe aka tsinci ƙunshin a ƙofar gidan Mista Abiodun da ke Palladan. Baƙar leda ce, a cikinta akwai 'yar rigar atamfa ta yarinya, ɗinki mai kyau, an maƙala mata takarda da aka buga da kwamfuta. Kalma ɗaya ce a jikin takardar: Adaobi.

Yarinyar gidan shekararta bakwai, sunanta Busola. Haka ta san kanta, haka maƙwabta suka san ta. Ba ta san daga gidan marayun cocinmu na Sabon Gari aka ɗauko ta tana wata biyu ba. Ba ta san a bakin get ɗinmu aka tsince ta cikin kwali, da 'yar takarda mai sunan Adaobi a cikin zanen goyonta ba. In ka cire Mista Abiodun da matarsa, wuri ɗaya ne a duk Zariya da wannan suna da adireshin wannan gida suke tare, wato rajistar riƙo da ke cikin kwamfutar ofishinmu. Tsofaffin takardun an kwashe su zuwa hedkwatar coci tun da daɗewa, ma'aikaciyar gidan da ta miƙa musu yarinyar kuma ta rasu. Rajistar a kulle take da kalmar sirri, mutum biyu ne suka san kalmar: Mama Oluoma, shugabar gidan, da ni Winifred, sakatariya.

To, ba mahalukin da zai dubi Mama Oluoma, mai shekara sittin da biyar, wadda ta goya rabin yaran unguwa, ya ce ita ce. Saura ni ke nan.

Kafin azahar Mista Abiodun ya iso ofis da ledar a hannu, Dattijo Felix shugaban kwamitin gidan yana biye da shi. Mista Abiodun malamin makaranta ne a Samaru, ba ya ɗaga murya, amma gara mai ɗagawa. Ya ajiye ledar kan teburina ya ce, “An yi mini alkawari a ɗakin nan cewa ba mai sani. Ina so a faɗa mini wa ya sayar da 'yata.”

Nan ne na tona wa kaina rami da hannuna. Ni na tsara rajistar shekara biyu da suka wuce, cikin dubu biyu da huɗu, na raba ta gida biyu: ta yau da kullum, mai allurar yara da abincinsu, da ta riƙo, wadda ba a taɓa ta sai ranar da aka ba da yaro. Rabonmu da ba da yaro tun watan Mayu. Kwamfuta kuwa tana rubuta ranar da aka buɗe fayil na ƙarshe a gefen sunansa. Sai na ce da su, cikin isa, su zo su gani da idonsu, ba wanda ya buɗe tun Mayu. Suka zo suka tsaya a bayana. Abin da muka gani shi ne: Alhamis, uku ga Agusta, ƙarfe takwas da minti goma na safe.

Daga takwas zuwa takwas da rabi kowa a gidan yana ɗakin addu'a. Dattijo Felix ya tambayi Mama ko akwai wanda bai halarci addu'ar ranar ba. Mama ba ta iya ƙarya, ta dube ni idonta ya kawo ruwa. Ranar ce acaɓan da na hau daga Dogarawa ya yi faci, ban iso ba sai tara saura, kuma ba ni da shaida sai ɗan acaɓan da ko fuskarsa ba zan gane ba.

Dattijo Felix ya karɓi makullin ofis daga hannuna. Ya ce an ba ni zuwa Asabar. In ba a samu wani ba, aiki ya ƙare, za a sanar a coci ranar Lahadi, sauran magana kuma sai wajen 'yan sanda.

Kafin magariba labari ya riga ni isa gida. Har an ce ai an gan ni da sabuwar waya. Wayar da yayata ta ba ni, mai fasasshen gilashi, wadda sai an ɗaure ta da kyauro. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, ba aikin ba ma, a ce ni ce mai sayar da sirrin marayu.

*

Washegari na tafi Basawa wajen Kawu Cornelius, ƙanin mahaifiyata. Tsohon saje ne, ya yi ritaya yana noman masara bayan bariki. Mahaifinsa maharbi ne, a wajensa ya koyi bin sawu, a soja ma abin da aka san shi da shi ke nan. Har yanzu in an sace akuya ko babur a yankin, shi ake ɗaukowa. Kwamfuta kuwa, bai san gabanta da bayanta ba.

Yana gyara fartanya na zayyana masa komai, ina yi ina kuka ina zagin mutanen Sabon Gari. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, “Ɗaga ƙafarki.”

“Kawu, me?”

“Takalmin nake son gani.”

Ya duba ƙasan takalmina na dama da na hagu, ya gyaɗa kai. Na ce, “Wato kai ma zargina kake yi?”

“Ban sani ba tukuna, Wini. Ke 'yar yayata ce, shi ya sa na fara da ke, don in fita daga batunki da wuri.” Ya ɗauko hularsa da sandarsa. “An yi ruwa ranar Lahadi da yamma, ko? Mu je Palladan kafin a sake wani.”

*

Madam Christabel, matar Mista Abiodun, ita ta buɗe mana get. Doguwar mace ce mai shiru-shiru. Ta gaida Kawu, ni kuwa ko kallo ban ishe ta ba. Ta nuna inda aka tsinci ledar ta koma ciki. A tsakar gida na hango Busola tana koyon keke, ita kaɗai ce a gidan ba abin da ya dame ta.

Bakin get ɗin duk an tattake, Kawu bai ɓata lokaci a wurin ba. Ya tsallaka hanya ya nufi wata bishiyar dogonyaro da ke fuskantar gidan. Ya tsuguna a gindinta ya daɗe, har ƙafata ta gaji da tsayuwa.

“Mace ce,” in ji shi. “Ba ta da jiki. Takalmin roba, dunduniyar hagu ta cinye ta waje. Zo ki gani.”

Na duba, ni dai jar ƙasa nake gani da ganye.

“Wannan na jiya ne, gefensa da kaifi. Wannan ya kwana huɗu ko biyar. Wancan ya fi haka, ruwa ya taɓa shi sau biyu. Ta zo nan ya fi sau goma, kuma kullum yatsunta get ɗin suke kallo.” Ya miƙe yana dafa gwiwa. “Wadda ta zo tsorata mutane ajiyewa take ta gudu. Wannan tsayawa take yi.”

“To wa ce ce?”

“Da sawu yana ɗauke da suna da ban yi noman masara ba.”

Ya bi shi har bakin kwalta, ta ɓangaren Samaru, nan ya ɓace. Mai shagon da ke kusurwa ya ce shi mata da yawa yake gani, bai riƙe kowa ba. Muka dawo da abu ɗaya tak: takalmin ba nawa ba ne. Na ce wa Kawu mu je mu faɗa wa Dattijo Felix. Ya ce in faɗa, su kuma su ce ai wadda na sayar wa ce ta zo tsayuwar.

*

Ni tun farko Chuks nake zargi. Shi ya haɗa mana kwamfutar, shi ne kuma ya zo a watan Yuli ya cire mata bairos, wato cutar kwamfuta, ya wuni a ofis shi kaɗai. Ranar Laraba na ja Kawu zuwa shagonsa kusa da kasuwar Sabon Gari, wani ɗan lungu da ya cika da gawarwakin kwamfutoci.

Chuks haifaffen Sabon Gari ne, Hausa a bakinsa ba ta da gyara, baki kuma ba ya rufuwa. Kawu ya tambaye shi ko mutum zai iya buɗe rajistar ba tare da kalmar ba.

“Oga Saje, in na kwafe fayil ɗin a filash na kawo nan, akwai abin da zan saka masa, kafin ka sha shayi na buɗe.”

Na dubi Kawu, wato ka ji ko. Chuks ya gan ni ya yi dariya.

“Sista Wini, kwantar da hankalinki. In a nan na buɗe, kwamfutarku za ta rubuta rana ne? A can aka buɗe, kan kujerarki. Kuma uku ga wata ina Legas sayen kaya, ga tikitin mota, ga waɗanda muka tafi tare, shagonsu na nan gaba.” Ya juya wajen Kawu. “Oga, a wannan garin ba a fasa kalmar sirri, tsintar ta ake yi. Ka ɗaga kibod a kowane ofis, za ka ga an manna ta a ƙasa. Ko sunan ɗan fari, ko ranar aure.”

Na ce tamu ba a rubuce take ko'ina ba, ba kuma sunan kowa ba ce.

Kawu ya je shagon gaba ya tambaya, maganar Legas gaskiya ce. Muna fitowa ya tsaya sayen gasasshiyar masara, kamar ba kwana uku ne suka rage mini ba. Yana ɓarzar ta ya ce, “Kada ki faɗa mini kalmar. Faɗa mini yadda kuka zaɓe ta.”

Na ce Mama tana da mantuwa, sai na ce ta zaɓi waƙar da ta fi so a littafin waƙoƙin coci. Muka ɗauki kalmomin farko na waƙar muka haɗe su, muka ƙara lambarta a ƙarshe. Doguwa ce, ga haruffa ga lamba, yadda aka koya mana a makaranta.

“Rajista biyu kika ce. Kalma biyu ke nan?”

Na ce ɗaya ce, don kada Mama ta ruɗe.

“Wa ke buɗe ta yau da kullum?”

“Mama, kowace safiya in akwai wuta. Tana kunna kwamfutar kafin addu'a, wai ta yi ɗumi kamar mota, ta duba allurar yaran ranar, ta rufe rajistar ta tafi.”

“Ofishin fa?”

“A buɗe. Ai akwai kalmar sirri.”

Ya miƙo mini rabin masarar.

*

Ranar Alhamis tun bakwai da rabi muna gidan marayu. An hana ni shiga ofis, don haka muka zauna kan benci a bayansa, wajen famfo da igiyoyin shanya. Ranar Alhamis ce matan zumunta na coci suke zuwa taya mu wankin kayan yara. Su shida ne, kuma tun Janairu su ne dai. Suka shigo da bahonsu, suka gaida Kawu, suka wuce ni kamar kututture. Waɗannan matan da nake buga musu takardun taro kyauta. Biyu ne suka kula ni: Madam Akunna, shugabarsu, ta ce Allah ya bayyana gaskiya, da muryar da ke nuna ta riga ta san gaskiyar. Sai Chika, wata siririya mai buga wa ɗalibai furojet a Samaru, 'yar ƙungiyar mawaƙan coci, ta ce mini sannu tana kallon bahonta.

Kawu ya jingina da bango daidai ƙarƙashin tagar ofis, ya ja hula ya rufe ido. Na ɗauka gyangyaɗi yake, raina ya ɓaci. A ciki na ji Mama ta ja kujera, kwamfuta ta yi kukan tashi, Mama ta ɗan rera waƙarta kamar kullum. Ita haka take, tana shara tana waƙa, tana dukan yaro tana waƙa. Aka kaɗa ƙararrawar addu'a, matan suka ɗauraye hannu suka nufi ciki.

Kawu ya buɗe ido. “In kuna addu'a, wa ke tsare wankin nan? Ga awaki.”

“Mace ɗaya takan tsaya. Karɓa-karɓa suke yi, ko duk wadda ta ga dama.”

Ya tashi ya zaga wajen famfon a hankali, idonsa a ƙasa, inda ruwan wanki ya jiƙa. Ya tsaya a wani wuri, ya daɗe, sannan ya sa sanda ya share shi.

“Kawu, ka ga wani abu.”

“Na gani.”

“To faɗa mini mana. Saura kwana uku a kira sunana a coci.”

“Ki faɗa wa Dattijo ya tara mini mutane ranar Asabar da safe. Shi, da Mama, da mutanen Palladan, da matan nan shida. Ya zo da littafin waƙoƙi.” Fuskarsa ba ta yi kama da ta wanda ya yi nasara ba. “Za ki fita, Wini. Ki bar ni da sauran.”

*

Ranar Asabar Allah ya taimake mu akwai wuta. Ofishin bai da girma, matan zumunta suka jeru jikin bango, Mista Abiodun da matarsa suka zauna kan kujeru biyun baƙi. Chuks ma ya zo ba a gayyace shi ba, wai kada a yi babu shi.

Kawu ya ce, “Dattijo, ka san kalmar sirrin nan?”

“Ina zan san ta?”

“Ka iya kwamfuta?”

“Da yatsa ɗaya dai.”

“Ya isa. Don Allah ka zaga bayan tagar nan da littafinka, ka tsaya wajen famfo. Kada ka leƙo, ka saurara kawai.”

Dattijo Felix ya fita yana ƙunƙuni. Kawu ya ce Mama ta buɗe rajistar yau da kullum yadda ta saba, kada ta damu da kowa. Mama ta gyara tabarau, ta ɗaga yatsa ɗaya, ta fara dannawa. Tana dannawa tana rera waƙar, a hankali, gaɓa-gaɓa, daidai da tafiyar yatsanta. Ta kai kalma ta huɗu ta tsaya. Sannan aka ji danna uku, ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Shekara biyu ina zaune kusa da ita tana yin haka kowace safiya, kunnena ya saba har ya daina ji.

Kawu ya sa ta rufe, ya kira Dattijo. “Ka ji waƙa?”

“Na ji. Wa bai san ta ba?”

“Nemo lambarta a littafin. Ka zauna ka rubuta iya kalmomin da ka ji, ka bi su da lambar. A ɗaya rajistar, ta riƙo.”

Dattijo ya zauna. Ya rubuta da tazara tsakanin kalmomin, kwamfuta ta ƙi. Chuks ya ce daga bakin ƙofa, “A haɗe, Baba.” Ya sake a haɗe. Rajistar riƙo ta buɗe a gaban mutum goma sha uku, sunaye suka jeru. Na yi tsalle na kashe allon kafin wani ya karanta.

Mama ta dafe ƙirji. “Ni nake yin haka? Wini, ina yin haka?”

“Kullum, Mama.”

Ta fashe da kuka. Na riƙe ta, don laifin namu ne mu biyu, ni na ce ta zaɓi waƙa, ni na sa kalma ɗaya a ƙofa biyu.

Mista Abiodun bai motsa ba. Ya ce, “Saje, ka nuna mana kowa zai iya buɗewa. Ba ka nuna mana ba ita ce ta buɗe ba. Ni suna nake so.”

“Gaskiyarka,” in ji Kawu. Ya cire hula ya riƙe. “Wanda ya yi wannan ya san littafin waƙoƙi, ya san kwamfuta, yana wajen famfon nan da safe, kuma bai shiga addu'a ba ranar uku ga wata. Akwai sawun da na gani a gindin dogonyaron da ke kallon gidanka, na sake ganinsa shekaranjiya a bayan tagar nan. Mai shi tana ɗakin nan. Zan iya nuna ta. Amma na ga irin tsayuwar da ta yi a gindin bishiyar, na fi so ta faɗa da bakinta.”

Kowa ya sunkuyar da kai yana satar kallon ƙafar na kusa da shi. Ni ma na duba, ba zan ɓoye ba, a lokacin so nake a kama ko wace ce a yi mata abin da aka yi mini. Kawu ya jira. Dattijo Felix ya yi gyaran murya ya ce in ba mai magana, to hukuncin da aka yanke wa Winifred yana nan.

“Ku ƙyale Sista Wini. Ni ce.”

Chika ce. Ta matso daga jikin bango, hannayenta a haɗe.

Madam Akunna ta ce, “Ke? Wa ya saka ki? Nawa aka ba ki?”

“Ba wanda ya saka ni, Ma.” Ba ta ɗaga kai ba. “Ni na rubuta sunan da ke cikin kwalin. Shekarata goma sha tara lokacin, ina tsoron babana. Na tsaya a lungun can har na ga an ɗauke ta an shiga da ita. Da na fara zuwa wanki na ɗauka zan same ta a nan, na duba fuskar kowane yaro, ba ta. Na tambayi Mama a fakaice, ta ce sirri ne. To kullum ina jin waƙar ta taga. Ba ɗauke ta zan yi ba, Allah ya sani. So nake in ga tana lafiya. Na gani. Da na tsaya iya nan da ba wanda ya sani, rigar ce na kasa haƙura. Sista Wini, tun Litinin nake so in yi magana na kasa. Ki yafe mini.”

Duk zagin da na tanada kwana biyar, na neme shi na rasa.

Mista Abiodun ya ce ba zai kai maganar wajen 'yan sanda ba, don ba ya so sunan 'yarsa ya shiga takarda. Amma kada ta sake taka Palladan, kuma duk wanda ke ɗakin nan ya rantse maganar ta mutu a nan. Ya juyo ya ce mini, “Malama Winifred, na zalunce ki, ki yi haƙuri.” Dattijo Felix ya ajiye makullin ofis a kan teburina, bai iya haɗa ido da ni ba.

Har sun kai ƙofa Madam Christabel ta tsaya. Ta dawo ta tsaya gaban Chika.

“Tana da asma tun tana jaririya. Likita yana tambaya ko akwai a dangi, ba ni da amsa.”

Chika ta ɗago. “Babana yana da ita. Sanyin damina ne ke tayar masa, da hayaƙin maganin sauro.”

“Ita ma haka,” in ji Madam Christabel. “Tana son lissafi. Ba ta cin wake.”

“Ni ma ba na ci.”

Mijinta ya kira ta daga waje. Ta ɗauki ledar rigar daga kan tebur, ta saka a jakarta, ta fita.

*

Ranar Litinin na sake kalmomin sirri, kowace rajista da tata. Ta yau da kullum na ba Mama wata da ba ta reruwa. Ta riƙo kuwa kwamiti ya yanke ni kaɗai zan riƙe, aka rubuta ta aka rufe a ambulan aka kai hedkwata, ko da ta-kwana. Ofis kuma aka fara kulle shi lokacin addu'a. Mutanen da suka ce an gan ni da sabuwar waya su ne suka riƙa cewa ai su dama sun san Winifred ba za ta aikata ba. Ban kula su ba.

Chika ta daina zuwa wanki, ta bar ƙungiyar mawaƙa. Kafin Kirsimeti Mista Abiodun ya samu canjin wurin aiki, suka bar Zariya gaba ɗaya. Ƙa'idar gidan ce iyayen riƙo su sanar da mu in sun tashi. Wasiƙarsa ta zo cikin Janairu, na kulle ƙofa, na shigar da sabon adireshin, na ƙona wasiƙar.

Bayan wata biyu na je Samaru sayen tawadar firinta. Ina fitowa daga shago muka yi kiciɓis da Chika, da takardun ɗalibai a rungume. Ta ƙara ramewa. Ta san sun tashi, ta kuma san wa ya shigar da adireshin, don duk coci an san ni ce mai riƙe da rajistar yanzu. Muka gaisa, ta tambayi Mama, ta tambayi Kawu. Sannan ta kafe ni da ido, bakinta ya ɗan motsa.

Sunan garin yana kan harshena, da layin, da lambar gidan. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar na ranar ba. Na ce mata rana tana yi, zan koma ofis.

Ta ce, “To, Sista Wini. Ki gaida gida.”

Na tare acaɓa na hau, ban waiwaya ba.